Wutar da Ke Ƙarewa Kafin Lokacinta

    

Mas'alar da aka ɗora mini nauyin yin bayani a kanta tana cikin irin mas'alolin nan da mutum kan raina muddin a gidan wani suke, amma ranar da suka yi sallama a ƙofarsa sai su hana shi barci, su ɓata tsakaninsa da iyalinsa, wani lokacin ma su raba shi da maƙwabcin da suka yi shekara da shekaru suna salla sahu ɗaya. Mas'alar kuwa ita ce ta magidancin da ya saba sayen wutar da za ta kai shi ƙarshen wata, sai ya wayi gari, tun ba a yi Juma'a biyu ba, mita ta fara kuka. Ko kuwa aka miƙo masa takardar kuɗin wuta ya ga adadi ya ninka na watan jiya, alhali a iya saninsa bai ƙara ko da ƙwan fitila ɗaya a gidan ba. Duk wanda ke zama majalisa a Kusugu ko Sarkin Yara, a Tudun Wada ko Sabon Gari, ko ya fita Sandamu da Zango da Baure da Mai'adua, ya san irin hukuncin da akan yanke nan take: wani ya ce mitar ce ke gudu, wani ya ce kamfani ne ya yi ha'inci, wani kuma ya sassauta murya ya ce a binciki maƙwabci. Ban musa ba, kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana aukuwa. Sai dai mu mutane ne da suka gaji ƙa'idar alƙalanci wadda ta ɗora wa mai da'awa nauyin kawo bayyina, kuma Bahaushe ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Saboda haka abin da nake fatan mu tashi da shi daga wannan zama shi ne hanyar da magidanci zai bi, da idonsa da alƙalaminsa, ya fita daga zato ya kai ga yaƙini, kafin ya ɗora wa wani mahaluƙi laifi.

Ya kamata mu fara tambayar kanmu abin da ya sa wannan al'amari yake rikita mu, mu da kakanninmu suka ƙware a awo da hisabi tun kafin zuwan Turawa. A zamanin fitilar ƙasa mai man gyaɗa da lagwanin auduga, kai har zuwa zamanin aci-balbal da fitilar ƙwai, uwargida tana ganin mai da idonta, ta san inda ya tsaya a kwalba jiya da inda ya tsaya yau, in kuwa wani ya ɗiba ba sai an gaya mata ba. Lantarki ya zo mana da wata siffa dabam, domin ba a ganinsa, ba a ɗaga shi a ji nauyinsa, ya kuma zo a hannun hukuma, daga ECN da aka kafa a 1950 zuwa NEPA da ta gaje ta a 1972, wadda ta riƙa kawo wutar madatsar Kainji da aka gama a 1968, daga baya ta Jebba da ta Shiroro, a kan farashin da gwamnati ke tallafa wa, har aka yi zuriya guda da ta tashi tana ɗaukar wuta abin da ake biya wa ɗan wani abu a wata, a kunna yadda aka ga dama. A 2005 NEPA ta koma PHCN, a watan Nuwamba na 2013 kuma aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni, jihohin Kano da Katsina da Jigawa suka shiga hannun KEDCO. Tun daga nan wuta ta zama haja da ake sayarwa da awo, amma da yawanmu masu saye har yau ba mu koyi ma'aunin da ake auna mana da shi ba. Wanda kuwa ya shiga ciniki bai san ma'auni ba, a cuce shi ko kada a cuce shi, zuciyarsa ba za ta natsu ba.

Ma'aunin nan shi ne abin da muke kira yunit, kuma saninsa ba shi da wuya. Kowace na'ura, in aka juya bayanta ko ƙarƙashinta, akwai ɗan rubutu da ke nuna ƙarfin da take ja, wanda ake ƙidayawa da wat, za a ga lamba harafin W na biye da ita. Na'urar da ke jan wat 1,000, in ta yi awa 1 tana aiki, ta sha yunit 1. Mai jan wat 100 sai ta yi awa 10 kafin ta sha haka. Mai jan wat 10 kuwa sai ta yi awa 100. Ƙa'idar ke nan gaba ɗayanta: a ninka wat da yawan awannin aiki, a raba da 1,000. Ɗalibin da ya iya fitar da sudusi da sumuni a rabon gado, wannan lissafi ba zai gagare shi ba.

Game da tartibin bincike kuwa, manoman ƙasar nan sun riga mu saninsa. Idan gero ya ƙare a rumbu tun damina ba ta faɗi ba, manomi mai hankali ba ya fara ihun ɓarawo. Yakan fara duba ko damman da ya zuba bana sun kai na bara, sannan ko bakunan da ke ci sun ƙaru, sannan ya leƙa gindin rumbun ko gara da ɓera sun yi masa ɓarna, sai a ƙarshe, in duk waɗannan sun kuɓuta, ya nemi sawun mutum. Wannan tartibi zan bi.

Wurin da mafi yawan mutane ke tuntuɓe shi ne rashin rarrabe naira da yunit. Mutum yakan ce wutar naira 10,000 ba ta kai shi mako biyu ba, in ka tambaye shi yunit nawa aka ba shi a kan kuɗin sai ya ce bai duba ba. Tun daga ƙarshen 2020 hukumar NERC, wadda ke sa ido a kan harkar lantarki a Nijeriya, ta kasa masu amfani da wuta rukuni biyar gwargwadon awannin da aka yi wa layinsu alkawari a yini: rukunin A aƙalla awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4, kowanne da farashinsa. A ranar 3 ga Afrilu, 2024, ta ɗaga farashin rukunin A daga abin da bai kai naira 70 ba zuwa naira 225 kowane yunit, kafin a sassauto da shi zuwa 200 da 'yan kai a watannin da suka biyo baya. Ku yi hisabin da kanku: naira 10,000 da ke sayen sama da yunit 140 a watan Maris, a watan Afrilu yunit 44 kawai za ta saya, tun ba a cire harajin kashi 7.5 cikin 100 ba. Ashe ke nan gidan da aka ɗauke layinsa daga wani rukuni aka mai da shi rukunin A zai ga katinsa na ƙarewa cikin kashi ɗaya bisa uku na kwanakin da ya saba, alhali ba abin da ya sauya a cikin gidan. Haka nan gidan da ya daɗe a kan takardar ƙiyasi kafin a sa masa mita, in ana bin sa bashi, akan riƙa zaftare wani kaso daga kowane kati da ya saya. Duk waɗannan suna rubuce a jikin rasit, kusa da lambobin nan 20 da muke dannawa, amma mu lambobin kaɗai muke kwafewa mu yar da takardar.

Sai kuma yawan awannin da wutar ta zauna, wanda shi ma ba a cika lura da shi ba, domin ɗan Adam yana ƙidaya awannin duhu fiye da yadda yake ƙidaya na haske. Gidan da ke samun wuta awa 6 a yini, in aka gyara transifoma ko aka sauya masa layi ya koma samun awa 14, fankarsa da firjinsa da fitilunsa duk za su ninka aikinsu, mita kuma ta ninka lissafinta, ba tare da kowa ya zalunci kowa ba. Kuna tune da ƙarshen watan Oktoba na 2024, lokacin da aka lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ke biyowa ta Makurɗi da Jos shi ma ya samu matsala, yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu. Wanda ya gwada abin da ya sha a watan nan da abin da ya sha a Nuwamba ya ce an ƙara masa, ya gwada abubuwa biyu da ba su gwaduwa. Maganin wannan ruɗu littafi ne na 'yan warƙoƙi da za a rataye kusa da mita. Kullum a lokaci ɗaya, misali da an dawo daga sallar asuba, a rubuta yunit ɗin da ya rage, a kuma rubuta a gefe ko wuta ta wuni ko ba ta wuni ba, ko an yi baƙi, ko an yi guga, ko an tura ruwa tanki. Kafin mako biyu gidan da kansa zai fara ba da labarinsa, a ga ranar da aka sha yunit 4 da ranar da aka sha 11, a kuma ga abin da ya bambanta su.

To, idan an tabbatar yunit ɗin ne da gaske yake tafiya fiye da da, sai a shiga cikin gida, kuma a shiga da wata ƙa'ida wadda ba ta cika saɓawa ba: abin da ke ba da haske ko sauti kaɗan yake ci, abin da ke juya inji ya fi shi ci, amma abin da ke zafafa wani abu ko sanyaya shi, shi ne mai cinye wutar gida. Na jaddada wannan ne domin wani zalunci da nake gani ana yi ba da niyya ba, inda maigida, da ya ji mita ta yi kuka, sai ya auka wa yara da faɗa a kan cajin waya, alhali wayar hannu sai an cika ta wajen sau 40 kafin ta sha yunit 1, ya kuma wuce ta gefen abin da ya sha masa yunit 5 da safiyar ranar bai ko dube shi ba. Fitilu ma, in na zamani ne masu wat 10, ba su kai a yi musu a kansu ba. Tsofaffin ƙwayaye masu zare ne abin lura, domin guda 5 masu wat 100 da aka bari a ƙofar gida da zaure da tsakar gida da makewayi daga magariba zuwa hantsi, awa 12, sun sha yunit 6 a dare guda, mafi yawansa kuma zafi ya zama, bai zama haske ba.

A watannin Disamba da Janairu, lokacin da iskar hunturu ke ketowa daga Hamada ta shigo mana ta Kongolam, babban abin tuhuma shi ne hita. Ruwa halitta ce mai wuyar ɗaukar zafi, kuma wannan sunna ce ta Allah a cikin halittarsa wadda babu dabarar da za ta rage ta: bokiti mai lita 20, in za a ɗaga zafinsa daga digiri 20 zuwa 60, sai ya sha kusan yunit 1, in kuwa aka bar shi ya tafasa, kusan 2. Gidan da ake ɗora bokiti 5 kowace safiya domin wanka da alwala da wankan jarirai ya ƙara wa kansa wajen yunit 150 a wata, abin da ya fi ƙarfin fitilunsa da talabijinsa da wayoyinsa a haɗe. Bari in ɗan ratse a nan, domin rai ya fi kuɗi: hitar da aka bari a cikin bokitin roba aka ɗauke wuta, aka manta ba a zare ba, aka dawo da wutar da tsakar dare, tana cikin manyan sabubban gobarar hunturu, kuma yaron da ya tsoma hannu ya ji ko ruwa ya yi zafi yana iya rasa ransa nan take. 'Yan'uwan hita su ne dutsen guga, mai jan wajen wat 1,000, da butar lantarki, da murhun lantarki. Masu ba ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya ko na kwalejin Yusuf Bala Usman hayar ɗaki su sani cewa tukunyar wake da ta yi awa 2 a kan irin wannan murhu ta sha yunit 2 zuwa 3. Ɗalibin bai yi laifi ba don ya dafa abin da zai ci, amma adalci shi ne a yi sharaɗi bayyananne tun ranar ƙulla haya, ko a sa wa ɗakin ƙaramar mita tasa, domin mu'amalar da aka gina a kan jahiltar adadi ita ce uwar husuma.

Da bazara ta kama, a Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, sai lissafi ya juya. Fankar sama tana jan wajen wat 75. Guda 3 da suka yi awa 12 sun sha yunit 2.7 a yini, sama da 80 a wata. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi kuwa tana jan kimanin wat 1,200, in ta kwana tana aiki awa 8 a ɗakin da iska ke shiga ta ƙarƙashin ƙofa da gefen taga, ta kusa shan yunit 10. Wanda ya sa ta a gidansa ya riga ya san amsar tambayarsa.

Abin da ya fi cancantar mu tsaya a kansa shi ne firji da firiza, domin su kaɗai ne a gida ba a kashe su, kuma su ne suke iya lalacewa alhali suna ci gaba da sanyi, har mai su ya rantse lafiyarsu ƙalau. Firiza mai lafiya aiki take yi ta huta. Injinta ya yi ƙugi na ɗan lokaci, sanyi ya kai haddinsa, ya tsaya, kuma a haka ba ta cika wuce yunit 1 zuwa 2 a yini ba. Amma idan robar bakin murfinta ta saki, ko ƙurar hunturu ta toshe ƙarafan da ke fitar da zafi a bayanta, ko aka manna ta da bango a ɗakin da rana ke duka, ko ɗan abin da ke umartar injin ya tsaya ya mutu, ko kuwa wani mai gyara ya haɗa ta kai tsaye don ta riƙa yin ƙanƙara da sauri, to injin ba zai sake hutawa ba, sai mai wat 150 ta koma shan yunit 3.6 a yinin da wuta ta zauna. Gwajinta ba ya bukatar kayan aiki. A zauna kusa da ita rabin awa a saurara ko tana tsayawa. A sa takarda a bakin murfin a rufe, in takardar ta zaro ba tare da wani riƙo ba, robar ta mutu. Sannan a kashe ta yini guda a duba littafin nan. Tsofaffin na hannu da ake shigowa da su daga ƙasashen waje sun fi yin wannan, domin arharsu a kasuwa take tsayawa, tsadarsu kuwa a mita take bayyana. Kada kuma mu manta da lokuta. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa cikin zafi ko a bakinsa, iyayenmu mata kuma suna sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya da lamurje, sana'a ta halal mai rufin asiri wadda nake girmamawa. Sai dai firizar da ake kwashe wa ƙanƙara kowace la'asar a cika ta da sabon ruwa ba ta ganin hutu ko kaɗan, don haka wajibi ne a lissafa wutarta a cikin uwar kuɗin sana'ar, in ba haka ba maigida yana ganin hasara a mita, uwargida tana ganin riba a asusu, alhali kuɗi ɗaya ne ya fita ta wannan aljihu ya shiga wancan. Haka nan makon Babbar Salla, da ake cusa mata naman layya da ɗuminsa. Wuta mara ƙarfi ma tana ƙara wahalar da injin, ya yi ta yunƙurin tashi yana zafi; sitabilaiza tana kare shi, amma ba ta ƙirƙirar wuta, ita ma tana da ɗan rabonta.

Akwai baƙi biyu da suka shigo gidajenmu a 'yan shekarun nan waɗanda ba mu saba sa su a lissafi ba. Na farko injin burtsatse, wanda mai ƙarfin doki ɗaya yake shan kusan yunit 1 a kowace awa. In tanki yana yoyo, ko ana barinsa ya cika ya yi ta ambaliya, ko ruwa ya yi ƙasa da rani har injin yana daɗewa kafin ya cika, awannin nan suna taruwa. Wanda ya fitar da famfo ƙofar gida domin maƙwabta, Allah ya saka masa da alheri, shayar da ruwa yana cikin mafifitan sadaka. Ina dai ba shi shawara ya san adadin abin da yake bayarwa, don ya bayar da niyya da daɗin rai, kada ya riƙa bayarwa da hannu yana ƙorafi da baki a kan wutar da bai san inda ta tafi ba. Na biyu inbata. Batir 2 masu lamba 200 a kan bolt 12 suna ɗaukar yunit 4.8, in an sha rabinsu da dare, mayar da shi zai ci wajen yunit 3, saboda abin da ke salwanta wajen caji. Gidan da ke da inbata wadda ba ta da farantan sola, ko da awa 8 aka ba shi wuta, ta awa 24 ya sha, mita kuwa duka za ta rubuta.

Idan duk waɗannan an auna su lissafi bai cika ba, an zo ga ɓoyayyen sababi, kuma ga yadda ake fito da shi. Da rana, lokacin da akwai wuta, a kashe kome, a zare kowace na'ura daga soket har da firji, sannan a tsaya gaban mita a dubi ɗan jan hasken nan da ke ƙiftawa. Kowace ƙiftawa wani ɗan yanki ne na yunit, adadinsa yana rubuce a fuskar mitar. In an rubuta 1,000, to ƙiftawa 1,000 ne yunit 1. In an kashe kome hasken ya tsaya, gidan ba ya yoyo. In ya ci gaba, sai a sauke babban makashin wutar gidan. In ya tsaya, illar tana cikin wayarin, sai a riƙa ɗaga ƙananan makasan ɗaya bayan ɗaya har a gane sashen da ke ja. In kuwa an sauke babban bai tsaya ba, to ko dai akwai wayar da aka ɗauka tsakanin mita da makashin, ko an haɗa mitar da gidan da ba nata ba, ko ita kanta tana da illa. Yoyon wuta ya fi yawa a Yuli da Agusta, sa'ad da katangar ƙasa ta sha ruwa, ga waya mai arha wadda ɓera ya ɓare ko aka ɗaure mahaɗinta da leda aka binne a bango. Alamarsa ita ce famfo ko ƙyauren ƙarfe ko jiƙaƙƙen bango ya riƙa jan mutum. Yoyon amfiya 1 kacal a kan bolt 230 wat 230 ne, sama da yunit 5 a yini cikakke, amma hasarar kuɗin ita ce ƙarama, domin bangon da ke shan wuta yana iya kashe yaron da ya jingina da shi ba takalmi. Wannan aikin ƙwararren mai wayarin ne, a kira shi a ranar, kada kuma kowa ya taɓa hatimin mita.

Game da maƙwabci, ina roƙon mu yi hattara ƙwarai, domin mafi yawan wayoyin da akan samu sun fita daga gida ba da sata suka fita ba. Wata mahaifin maigidan ne ya ba tela a shagon ƙofar gida, lokacin ƙwan fitila ɗaya ne a shagon, yau kuwa shagon ya koma hannun mai firiza biyu. Wata an ja ta ne zuwa masallacin ƙofar gida, daga baya aka sa fankoki da lasifika. Wani gidan gado ne aka raba sassa, aka ja katanga, wayarin kuwa yana nan yadda marigayi ya bar shi a kan mita ɗaya. Akwai ma inda gida biyu masu mita dabam-dabam suke tarayya a wayar komawa, alhali wasu mitocin suna auna wayoyin biyu su ɗauki wadda ta fi yawa, sai ɗaya ya riƙa biyan na ɗan'uwansa ba da sanin kowa ba. Irin wannan da sulhu ake warware shi, a zaure, in ta kama a gaban mai unguwa, a raba waya a bar zumunci yadda yake.

Sai a ƙarshen bincike ake zuwa kan mita, kuma ita ma tana gwaduwa. A kashe kome, a rubuta abin da ta nuna, a sa hita mai wat 1,000 cikin ruwa na rabin awa, mutum yana tsaye a kanta. Abin da ya kamata ya ragu shi ne rabin yunit, ko ƙasa da haka in wutar ba ta da ƙarfi. In aka ga yunit guda ko fiye ya tafi, aka maimaita aka sake ganin haka, an sami bayyina. Mita aikin ɗan Adam ce, tana kuskure, shi ya sa aka kafa hukumar NEMSA da ke gwada mitoci, tana kuma da tashar gwaji a Kaduna. Kamfanoni ma ba ma'asumai ba ne: a Fabrairun 2020 NERC ta ƙayyade iyakar abin da za a iya rubuta wa gidan da ba shi da mita, a Fabrairun 2024 kuma ta sanar da zaftare sama da naira biliyan 10 daga kuɗin shigar kamfanonin rarraba wuta 11 saboda ƙetare wannan iyaka. Sura guda a cikin Alƙur'ani mai girma, Suratul Muɗaffifina, da sunan masu tauye awo aka ambace ta, kuma gargaɗinta ya hau kan mai sayarwa da ya rubuta abin da bai bayar ba, kamar yadda haramcin cin dukiyar wani ya hau kan mai saye da ya sa aka kewaye masa mita; wanda ya yi haka ya ci abin da bai biya ba, ya ɗora wa transifomar unguwa nauyin da ba a lissafa ba, ya kuma zubar da hujjarsa ranar da shi ne aka zalunta.

Wanda bincikensa ya kai shi ga cewa haƙƙinsa yana wajen kamfani, ya rubuta ƙorafinsa a takarda, ya sa lambar mitarsa ko ta asusunsa, ya haɗa da kwafin rasitansa da abin da ya rubuta a littafin nan rana bayan rana da sakamakon gwajin da ya yi, ya kai sashen sauraren ƙorafi na kamfanin, ya nemi a buga masa hatimi a kan kwafin da zai riƙe. In ba a share masa hawaye ba, doka ta ba shi damar ɗaukaka ƙara zuwa zauren sauraren koke da NERC ta kafa a jihohi, daga nan kuma zuwa hukumar kanta. Gidan da har yanzu ake rubuta wa kuɗi da ƙiyasi, shi ma yana iya neman a nuna masa iyakar da aka ƙayyade wa layinsa a watan, ya gwada ta da abin da aka rubuta masa, sannan ya sa neman mita a gaban sauran bukatunsa na wuta, domin duk gwaje-gwajen da na ambata sai da ita suke yiwuwa.